Jigo Da Salo: Daga Ina Kalmomin Nan Suka Fito?



Yau ba labari na zo muku da shi ba, tarihi ne zan ɗan gutsura muku, tarihin waɗansu kalmomi da kullum ake auna mu da su. Duk wadda ta zauna ajin Hausa a sakandare ta san su ko da ta manta ma'anarsu: jigo, salo, zubi da tsari, warwarar jigo, tauraro, adon harshe. Haka nan da wuya ki sami wadda ta rubuta littafi ta kai kasuwa ba a jefe ta da ɗaya daga cikinsu ba, a ce littafin ba shi da jigo, ko a ce salonsa rago ne, ita kuwa baiwar Allah sai jikinta ya yi sanyi, ta ɗauka wani hukunci ne ya sauko wanda ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Alhali kuwa kalmomin nan mutane ne suka ƙera su, an san zamanin, an san garuruwan, wasu ma an san malaman da suka raɗa musu suna.

Mu fara daga tsakar gida, domin nan ne tushen. Tun kafin a san biro da takarda Bahaushiya ta raba magana gida gida, kowace ta ba ta suna. Idan mace tana shara ta dubi kaza ta ce, ke kazar nan kullum sai kin ci a kwanon da ba ki wanke ba, alhali kishiyarta na zaune a ƙofar ɗaki tana ji, kowa ya san sunan wannan habaici, an jefa magana ba a kama suna ba, mai kaza a aljihu shi ya san inda aka nufa. Idan yaro ya fasa tulu uwar ta ce madalla, sannu da aiki, ɗauko ɗayan ma ka fasa, wannan gatse ne, baki ya faɗi abu zuciya na nufin kishiyarsa. Makaɗin fada kuwa in ya tashi muzanta abokin gabar ubangidansa, ya siffanta tafiyarsa da rawaninsa da rowarsa har kowa ya gane shi ana dariya, zambo ke nan. Ga gugar zana, ga shaguɓe, ga ba'a, ga kirari, ga karin magana, ga zaurancen da 'yan mata ke yi don kada a ji sirrinsu. To wanda ya iya bambance habaici da zambo, ya san inda gatse ya rabu da ba'a, ai nazari yake yi, ko da bai taɓa jin kalmar nazari ba. Lokacin da Bature Bargery ya fitar da babban ƙamus ɗinsa na Hausa a 1934, irin waɗannan kalmomi a bakin mutane ya tarar da su, ya kwashe ya rubuta.

Kashi na biyu ta hanyar malaman zaure ya zo mana, kuma asalinsa yana da nisa, sai mun je har Basra ta ƙasar Iraƙi. A can ne a ƙarni na 8 aka yi wani malami, Halilu ɗan Ahmad, wanda ya zauna ya saurari waƙoƙin Larabawa ya gano ashe duk a kan waɗansu ma'aunai ƙididdigaggu suke tafiya. Ya fitar da guda 15, daga baya aka ƙara na 16 wanda ake danganta shi ga Ahfash. Su ne ake kira bahar bahar, irin su Ɗawil da Basiɗ da Kamil da Wafir da Rajaz da Ramal. Ilimin kuma shi ne muke ce wa aruli, da lam a ƙarshe, kamar dai yadda bakinmu ya yi wa alƙali da alwala da lalura, duk harafi ɗaya ne na Larabci muka mayar lam.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne inda aka samo sunayen. Mutanen nan asalinsu mazauna tanti ne, to sai aka dubi tanti aka raɗa wa sassan waƙa suna. Baiti da muke faɗa kullum, ma'anarsa ɗaki. Rabin baiti ana ce masa misira'i, wato ƙyauren ƙofa guda. Ƙananan gaɓoɓin da ake auna kari da su kuwa, ɗaya sababi, wato igiyar da ake ɗaure tanti, ɗaya watadi, wato turken da ake kafawa a ƙasa a ɗaura igiyar. Kin ga ke nan babban ilimin da ɗalibai ke haɗa gumi a kansa, da kayan ɗaki aka gina shi. Ki riƙe maganar turken nan, za mu sake haɗuwa da shi a ƙasar Hausa.

Ita kuwa balaga, wato ilimin adon magana, rigima na cikin abin da ya raine ta. A zamanin Abbasiyawa an sami sababbin mawaƙa irin su Abu Nuwas da Abu Tammam, suna cika waƙa da ado da juya kalma, masu riƙon tsohuwar hanya suka ce wannan ɓata waƙa ne, na da ba haka suka yi ba. Sai wani ɗan gidan sarauta, Ibnul Mu'utazzi, ya rubuta Kitabul Badi'i a shekarar 887, ya jera dabarun ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya nuna ai suna nan tun tuni a cikin Alƙur'ani da hadisi da waƙoƙin mutanen farko, su yaran yawaita su kawai suka yi. Bawan Allah nan a 908 aka naɗa shi halifa, kwana ɗaya tak ya yi aka tumɓuke shi, aka kashe shi, sarautar ta tafi, littafin ya zauna. Bayansa aka yi Abdulƙahir Jurjani wanda ya rasu a 1078, sai Sakkaki wanda ya rasu a 1229, kuma daga littafinsa da taƙaitawar da Ƙazwini ya yi masa ne rabon nan na gida uku ya zauna daram: ma'ani da bayani da badi'i. A cikin bayani ake karanta tashbihi, wato kamanta abu da abu, da kinaya, da isti'ara. Isti'ara fa ma'anarta neman aro, kamar yadda za ki aiki yarinya maƙwabta ta aro miki mayafi za ki biki, haka mai magana ke aro sunan zaki ya yafa wa jarumi.

Wannan ilimi ya iso ƙasarmu cikin gafakar malamai. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo a littafinsa Ida'un Nusuhi ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta, kuma har da na balaga da na aruli a ciki. Shi ya sa da masu jihadi suka juya suna waƙa da Fulatanci da Hausa don su karantar da jama'a, sai suka ɗora ta a kan waɗannan ma'aunai, da baiti da ƙafiya. Uwarmu Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da harshe uku take waƙa, jajojinta na 'Yan Taru suna haddacewa su kai wa mata ƙauye ƙauye. Akwai kalma guda daga wannan zamani da nake so ki sani, ita ce tahamisi. Mawaƙi ya sami waƙar wani mai layi biyu biyu, sai ya ƙara wa kowane baiti layi uku a sama ya zama biyar, ba tare da ya ɓata kari ko ma'ana ba. Ishiriniyar da ake rerawa a gidajenmu haka take, asalin ta Alfazazi ce, Ibnu Muhibbi ya yi mata tahamisi. Haka waƙar Tabbat Haƙiƙa, Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isan Kware ya yi mata tahamisi. Hannu uku a waƙa ɗaya, ba wanda ya ce wani ya yi sata, domin aikin yana da suna kuma an san ƙa'idarsa. Amma ko a nan Bahaushe bai bar nasa ba, in zai ƙirga layukan baiti sai ya ce ƙwar biyu, ƙwar huɗu, ƙwar biyar, irin ƙirgan da ake yi wa ƙwaryar saƙi a zane.

Sai zamanin boko. A 1933 Rupert East ya shirya gasar rubuta labarai a Zariya, daga ita aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Mutane suka yi shekaru suna karanta su suna jin daɗi, amma in za a yi sharhi mai zurfi a kan adabin Hausa, yawanci da Turanci ake yi, kuma don masu jin Turanci. Abin ya fara juyawa ne da aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano a 1969, ta kuma fara fitar da mujallar Harsunan Nijeriya. Malamai suka ƙuduri aniyar koyar da Hausa da Hausa, to nan fa ake yin ta, domin ba ka koyar da abu sai da sunan da za ka kira shi. A 1973 Malam Ɗalhatu Muhammad ya fitar da jerin kalmomin nazarin adabi a cikin mujallar nan. A 1975 Malam M.K.M. Galadanci ya yi rubutu a cikinta a kan yadda karin waƙar Larabci ya auri waƙar Hausa. Aka yi ta taro ana muhawara, har a 1990 aka buga Ƙamus Na Keɓaɓɓun Kalmomi a Ibadan, wanda shi Malam Ɗalhatu ya tace.

Hanya uku ce a gabansu: ko su ari ta Turanci su lanƙwasa, ko su ɗauko ta Larabci, ko su leƙa gida. Duk sun taɓa, amma wallahi waɗanda suka fi zama a baki su ne na gida. Dubi jigo. Wadda ta taso kusa da fadama ta san shi, shi ne itacen nan da masu lambu ke kafawa a bakin ruwa, a gicciya dogon sanda a kai, guga a gefe guda, nauyi a ɗaya gefen, ana ɗebo ruwa ana ba shuka. In jigo ya faɗi, ban ruwa ya tsaya. To sai aka ce babban saƙon da rubutu ya dogara a kansa shi ne jigonsa, bin sa daki daki kuma a ce warwarar jigo, kamar mai warware zare. Malam Sa'idu Muhammad Gusau da ya zo nazarin waƙar makaɗa a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, sai ya ce turke, domin makaɗi yakan yi nisa ya zaga ya yabi wannan ya zambaci wancan, amma kamar akuyar da aka ɗaure, duk zagayensa a jikin turke yake. Ga turken Halilu na Basra ya dawo, sai dai can kari yake riƙewa, nan kuwa ma'ana. Ƙananan saƙonnin da ake gina turken da su ya kira su tubala, baitocin waƙar baka kuwa ɗiya, abin da 'yan amshi ke komawa gare shi gindi.

Malam Abdulƙadir Ɗangambo shi ma da gida ya yi aiki. Sunan littafinsa ma kaɗai ya isa, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, wanda aka buga a 2007 bayan an daɗe ana karantar da abin da ke cikinsa. Wato a kwantar da waƙa a feɗe ta kamar yadda mahauci ke yi, a ga abin da ke ciki, sannan ga ɗauraya irin ta kwano. A wannan hanya ɗalibi ke koyon zubi da tsari, kalmomin magina, da amsa-amo a madadin ƙafiya, da gangara, in magana ba ta ƙare a layi ba ta gangaro na ƙasa, da saɓi-zarce, in ta tsallake baiti ɗungum ta faɗa na gaba. A nan ake raba kamance uku: na daidaito, ki ce hannunta kamar auduga, na fifiko, ki ce ya fi auduga laushi, na kasawa, ki ce auduga ba ta kai shi ba. In kuwa kika yar da kamar ɗin kika ce mijin nan garwashi ne, kin shiga siffantawa. Akwai dai waɗanda ni a kunnena suna da nauyi, irin su mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa, wato ba wa abu halin mutum, ko ba wa mutum halin dabba, ko mayar da shi wani abu marar rai. Ma'anar ta fita sarai, amma ba irin kalmomin da za ki ji a gidan biki ba ne, da ganinsu kin san a ofis aka haife su.

To yanzu ga inda maganar ta shafe mu. Ki sake duba sunayen littattafan nan: feɗe waƙa, nazarin waƙar baka, ga kuma na Malam Abdullahi Bayero Yahya, Jigon Nazarin Waƙa na 1997 da Salo Asirin Waƙa na 2001. Waƙa, waƙa, waƙa. Yawancin kayan awon nan don waƙa aka fara yanka su, saboda ita ce babbar 'ya a rubutun Hausa, ta girmi ƙagaggen labari da fiye da shekara ɗari. Littafin Malam Isa Mukhtar na nazarin ƙagaggun labarai sai a farkon shekarun 2000 ya fito. Waƙar wa'azi kuwa tun a baitocin farko mawaƙi kan faɗi abin da zai yi magana a kai, har manazarta suna da abin da suke kira furucin jigo, su nuna baiti su ce ga shi nan. Labari ba haka yake ba. Mai labari ba ta tsayawa ta ce ga nufina, sai ta saka shi cikin abin da ya sami mutanenta, sai an bi ta har ƙarshe.

Ana cikin haka rubutun mata ya ɓarke. Hajiya Hafsatu Abdulwahid ta buɗe ƙofa da So Aljannar Duniya a 1980, daga tsakiyar shekarun 1980 kuma matasa maza da mata suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa kasuwa. A shekarun 1990 muhawara ta kaure a jaridu. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onica, su Malam Abdalla Uba Adamu da Malam Yusuf Adamu suka tsaya suka ba da amsa. Sunan da ya fi bin littattafan a bakin jama'a shi ne na soyayya, wato an ɗauki ɗaruruwan littattafai an ce duk jigonsu ɗaya. A nan ne nake ganin an yi wa kalmar jigo gaggawa. Ɗauki Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Yarinya ce aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo, ta gudu, ta nemi ilimi har ta tsaya da ƙafarta. In ki cire soyayya daga littafin nan yana nan a tsaye, in kuwa kika cire maganar ilimin 'ya mace da auren dole, ya rushe. To wanne ne jigon? Haka Alhaki Kuykuyo Ne, labarin Rabi da miji ya kora da tarin 'ya'ya saboda sabuwar amarya, ta riƙe su da sayar da abinci, wanda Malam Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Wanda ya ce jigonsa soyayya, bangon kawai ya gani.

Ba ina cewa masu suka ba su da gaskiya ko kaɗan ba ne. Akwai littattafan da in kin karanta ɗaya kin karanta goma, kowace yarinya fara ce doguwa mai gashi har gadon baya, kowane saurayi ɗan mai kuɗi ne da ya dawo daga Ingila, a yi shafi biyar ana lissafa kayan lefe labari na tsaye yana jira. Malamai suna da suna ga wannan, ragon salo, kuma sunan ya dace da shi. Suna da miƙaƙƙen salo ga wadda ta faɗi magana kai tsaye ba ado, suna da salo mai armashi ga wadda ta iya ɗaure mai karatu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi wa kowa kuɗin goro.

Wani abin da kan rikita maganar shi ne ita kanta kalmar adabi. Ita da ladabi kalma ɗaya ce ta Larabci, sau biyu ta shigo mana. Ta fara shigowa da lam ɗinta a gaba ta zama ladabi, wato tarbiyya da girmama na gaba, sannan ta dawo ta hannun malamai ta zama adabi, wato fasahar harshe ta baka da ta rubutu. Shi ya sa sau da yawa in an ce littafin mace ba adabi ba ne, in kika saurara da kyau sai ki ji ladabi ake nufi, wato yarinyar cikin labarin ta ɗaga murya ta ce ba ta son wanda aka ba ta. Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma iyaye suna da haƙƙin yin ta, amma dabam take da tambayar ko an iya zubi, ko salo ya yi kyau. Littafi kan cika ladabi ya zama lami, wani kuma ya iya zance ya rasa kunya, kowanne da ma'auninsa.

Na ce lami, kin ga wannan ma kalmar awo ce, daga madafa ta fito, kuma ku masu karatu kuna da irinta da yawa da kuke yanke mana hukunci da su in kun haɗu a gidan suna ko wajen kitso. Ku ce labarin ya yi lami, ko ta cika masa gishiri, ko ta yi ta jan rai, ko ƙarshen ta yi shi a gurguje kamar wadda tuwonta ke ƙonewa. Akwai kuma dabarar nan da littafin kasuwa ya shahara da ita, wadda buga littafi kashi kashi ya haifar, saboda sai na ɗaya ya sayu ake samun kuɗin buga na biyu: a kai yarinya bakin ƙofar ɗakin alƙali, ko a sa wayar asibiti ta shigo da tsakar dare, sai kawai a rubuta mu haɗu a littafi na biyu. Waƙa ba ta san wannan ba, Halilu bai auna shi ba, amma ku tuni kun ba shi suna, kukan ce marubuciyar ta bar mu a rataye.